Ɗakin Gurma

Ku da kuke cewa kishina ya yi yawa, na ji ku, ban kuma ce kun yi mini ƙarya ba. Amma ku bari in ba ku labarin makon nan tukuna. In na gama, duk wadda ta ga da ita ce za ta iya yin shiru ta ci tuwonta, ta fito in gan ta.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Madina, 'yar Alhaji Garba mai atamfa da ke Zongo, nan Yamai. A Maraɗi na tashi a hannun kakata, sai da Allah ya yi mata rasuwa aka kawo ni gidan Baba, lokacin ba a daɗe da sauke tutar Faransawa ba. Har yau Zabarmanci ya ƙi zama a bakina, gaisuwa kaɗai na iya, daga "fofo" sai "fofo". Shi ya sa matan unguwa ba su wahalar da kansu da sunana, Hausa kawai suke ce mini. "Hausa, ina Innarki?" "Hausa, zo ki ɗora mini tulu." Ita kuwa Zeinabou, 'yar marigayi ƙanen Baba, wadda muke kwana ɗaki ɗaya, uwarta Bagurma ce daga hayin kogi, don haka tun tana rarrafe Gurma ake kiranta a gidanmu.

Zeinabou sa'ata ce, amma ita ta yi lakwal, wato boko. Tana buga takardu a wani biro, wato ofis, tana sa siket da takalmi mai tsini, tana jin Faransanci da Zabarmanci da yaren uwarta. Ga wushirya. In ta yi dariya har ni nakan tsaya in kalla, sannan in ji haushin kaina.

Sai Isaka. Ɗan Damagaram ne, dogo, mai sanyin magana, shi ne yake zuwa zance wurina tun bara. Direban Shinuwan nan ne, mutanen Sin da suka zo koya wa mutane noman shinkafa a bakin kogi. Kafin nan ya yi shekaru a Kumasi yana tsaron kantin wani Ba'indiye. To iyayen gidan nan nasa guda biyu su suka cika masa kai da abin da ya jawo mini duk wannan masifa.

Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai zaman haya ba, sai Isaka ya rufa ɗaki nasa na kansa. Mutum da hankalinsa ya je ya nemi fili a Boukoki, nan cikin gari, kamar kowa mana. Ina! Sai ya ƙetare kogi ya yanki fili a Kirkissoye, inda in za ka je sai ka shiga jirgi, ka iske awaki sun fi mutane yawa. Ranar da ya zo gaya mini, a zaurenmu, har da tsugunawa yana zane a ƙasa da tsinke, ya ɗora wani ɗan abu mai kamar agogo a tsakiya, busol ya ce sunansa, allurarsa kullum arewa take nunawa.

"Ba'indiyen nan," in ji shi, "ko kujera ba ya ajiyewa sai ya duba gabas da yamma. Wastu suke ce wa abin. Murhu yana kudu maso gabas. Randar ruwa arewa maso gabas, a bar wurin fayau, ba a tara masa shirgi. Kudu maso yamma kuwa nan ne nauyin gida yake, nan ake yin ɗakin matar gida, a kaurara bangonsa. Wadda ta kwana a nan ta kafu ke nan."

"Arewa maso yamma fa, Malam mai allura?"

"Kusurwar iska ce. Ta baƙi ce, wanda zai zo ya kwana biyu ya wuce."

Na ce to na ji na Indiya, saura na Sin. Bai ma gane zolayarsa nake ba.

"Su fanshuwi suke cewa, wato iska da ruwa. Ruwa a gabanka, dutse a bayanka, kamar ka zauna a kujera mai majingini. Kin ga filin nan, kogi a gaba, duwatsu a baya, duka su biyun sun yarda da shi. Abu ɗaya ne Mushe Lin, ubangidana, yake tsoro kamar wuta, ƙofar gaba ta kalli ƙofar baya. Ya ce alheri in ya shigo zarcewa yake, ko gaisuwa ba ya tsayawa yi. Ya ce auren da aka yi a irin wannan gida ma ba ya zama."

"To kai Musulmi ne ko Ba'indiye ko Shinuwa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Alƙibla na fara dubawa kafin su duka, Madina. Sauran kuwa in bai ƙare ni da komai ba, me ya rage ni da shi?"

Wallahi a ranar daɗi na ji. Na ce a raina namijin da yake auna inda zan ɗora kaina da allura ai ba da wasa ya zo ba.

Inna ce ba ta ji daɗi ba. Tana tankaɗen gari tana yi mini wa'azi: "Hayin kogi! In naƙuda ta kama ki, jirgi za mu tsaya jira? Kuma wane mahaukaci ne yake juya ƙofarsa wajen da hadari ke tasowa? Ga Mushe Abdulaye can, ma'aikacin gwamnati, gidan siminti, ya aiko ya sake aikowa, ke kin liƙe wa mai zane a ƙasa." Baba kuwa cewa ya yi camfi ne, amma camfin da ba ya hana salla bai dame shi ba, shi dai kwano yake son gani a kan gini. Da aka ce masa an kusa, sai ya sa ranar Juma'ar nan magabatan Isaka su zo tambaya. Har Goggo Hawwa, yayar Baba, ta taso daga Maraɗi saboda haka.

Yanzu ku ji inda ciwon yake. Maginin da Isaka ya samu a can wani dattijo ne Bazabarme, Baba Sumana, Hausarsa ba ta wuce ta kasuwa ba. Isaka kuwa Zabarmancinsa da nawa ɗan bambancin kaɗan ne. Wa za ta tsaya tsakaninsu ta fassara kudu maso wannan da arewa maso wancan? Zeinabou. Baba da kansa ya ba da izini, wai ai 'yar uwar amarya ce. Duk ranar hutu sai ta ɗaura ɗankwali ta bi shi su ƙetara, ni kuwa da ake ginin domina an ce ba kyau budurwa ta riƙa zarya gidan da ba a kai ta ba.

Bai tsaya nan ba. Mu ba mu da tarho, biro ɗin su Zeinabou akwai, na Shinuwa ma akwai. Saboda haka duk saƙon da Isaka zai aiko mini ta kunnenta yake bi. Ta dawo da yamma tana cire 'yan kunne a gaban madubi, ta ce, "Mutuminki ya bugo. Ya ce a gaishe ki, wai ya yi kewarki." Sai in tsaya ina kallon bakinta. Kalmar tawa ce, amma ita ta ji ta da muryarsa, ni sai ragowa nake samu. Kuma "a gaishe ki" ai ba ya cin lokaci, sauran hirar ta mece ce?

Ranar Litinin ta shigo tana 'yar waƙa, ta zauna bakin gado tana murza ƙafa.

"Ya bugo. Ya ce ba zai samu zuwa zance ba yau, kwano zai je ɗaukowa. Amma ranar Alhamis zai kai ku ke da Goggo ku ga gidan. Kai, Madina, sai kin gani! Mun gama ɗakuna biyu, mun sa tagar a inda hasken safe zai..."

"Kun gama?"

"Eh mana, saura shafe da rufin ƙaramin."

"Ke da wa kuka gama?"

Ta juyo ta dube ni, ta yi wannan dariyar tata. "Haba Hausa, kin fara ko?"

Na juya mata baya. Amma "mun" ɗin nan ya tsaya mini a rai. Na tuna kwanan baya na ga jan ƙasar Kirkissoye a gefen zanenta, na tuna ta iya faɗin fanshuwi daidai yadda yake faɗa, har da ɗan karya harshe. Na ce a raina ba zan jira a kai ni kamar baƙuwa ba, da ƙafata zan je in gani.

Washegari da hantsi akwai wata dillaliyar Baba da take kai atamfa hayi, na ce wa Inna zan taya ta ɗaukar ƙunshi. Na ɗaura koriyar atamfata mai zanen tsuntsaye, na ja kwalli, na zuba awarwaro, na lulluɓa da farin mayafi. Kada ku tambaye ni wa na yi wa kwalliya, ni ma ban sani ba, wataƙila bango. Muka shiga bak, babban jirgin fito, tare da jakuna da wata tsohuwar kamiyo ta ɗaukar kaya, hayaniya ta hana ka jin maganar na kusa da kai. Da muka sauka na bar ta a gidan masu sayenta, na tambayi ginin direban Shinuwa, aka nuna mini.

Gaskiya wuri ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Ka tsaya a bakin ƙofa ka waiwaya, kogi ne shimfiɗe yana walƙiya, can bayan gidan kuma duwatsu jajaye. Katanga ta kai kafaɗa. Daga ƙofar gida in ka miƙe sak sai babban ɗaki a can ƙurya, an riga an ɗora masa kwano, bangonsa mai kauri har ka zauna a kan taga. A gefe kuma, kusa da ƙofa, wani ɗan ƙaramin ɗaki ko rufi babu.

Baba Sumana yana cikin kwaɓa, laka har gwiwa. Na ce fofo, ya ce fofo, na ce daga gidan Alhaji Garba nake. Sai ya washe baki, ya goge hannu a riga, ya shiga zagayawa da ni yana nuna mini aikinsa da Hausarsa mai ɗingishi.

"Wannan," ya dafa babban ɗakin, "ɗakin gurma. Babba. Mai gida ya ce na matar gida. Ta zauna, ba ta tashi."

Na ce, "Ɗakin wa?"

"Gurma. Gurma," ya sake bubbuga bangon. Sannan ya nuna ɗan ƙaramin da haɓa. "Wancan ɗakin hausa. Ƙarami. Na baƙo. Ya zo, ya kwana, ya tafi."

Jama'a, ku tsaya nan ku gaya mini gaskiya. Ke da duk unguwa take kira Hausa, 'yar uwarki duk gida yake kira Gurma, ki tsaya a gidan saurayinki a nuna miki ɗakin Gurma na matar gida, ɗakin Hausa na mai zuwa ta wuce, me za ki ɗauka? Duk da haka na daure na sake tambaya, don kada a ce na yi gaggawa.

"Baba, shi mai gidan da bakinsa ya ce haka?"

"Da bakinsa. Zeinabou tana nan, ita ta gaya mini da Zarma."

Shi ke nan. Wato tana tsaye, ya ce wannan na Gurma ne, ta juya ta fassara, wataƙila har da sunkuyar da kai na kunya. Ashe shi ya sa ake ta ja mini rai da ginin nan. Ashe ranar Juma'a in magabatansa sun zauna a gaban Baba wani suna za su ambata, ni kuwa in zo suna da biki a shimfiɗa mini tabarma a kusurwar iska. Idona ya rufe. Ban yi kuka ba, kukan ma bai zo ba, wani abu ne mai zafi ya taso mini daga ciki har kunnuwana suna ƙara.

Na shiga babban ɗakin. Sanyi, ƙamshin sabuwar ƙasa, hasken safe yana shigowa ta tagar da "muka" sa. Na tsaya a tsakiya na juya, sai na ga ƙofar ɗakin da ƙofar gida a layi ɗaya suke, har ina hango kogi. Na dubi bangon baya, lafiyayye, ko tsaga babu. A nan shaiɗan ya raɗa mini, ni kuwa ban ce a'uzu billahi ba.

"Baba Sumana, ai aiko ni aka yi. Mai gida ya ce a fasa ƙofa a nan." Na dafa bangon baya, daidai saitin ƙofar. "Babba. Wadda mutum zai wuce bai sunkuya ba."

Ya zare ido. "A'a! Mai gida ya ce baya, ko rami na ɓera babu. Dutse a baya, ya ce."

"Ya sake shawara. Shinuwansa ne ya ce ɗakin zai yi zafi. Kuma ya ce a gama kafin jibi, manya za su zo gani."

Ya daɗe yana kallona, yana gunaguni da yarensa, sannan ya ɗaga kafaɗa ya tafi ɗauko diga. Ban bar wurin ba sai da na ji sara na farko ya shiga bango. Wallahi daɗi na ji, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ce to Gurma, ga ɗakinki nan, ki zauna mu gani.

Kwana biyun da suka biyo baya ban yi mata magana ba sai da dalili. Ta kawo mini fari masa, wato fanke, daga bakin biro, na ce cikina ba daɗi. Ta ce ya bugo, na ce ta riƙe saƙon ta ƙara da nata. Goggo Hawwa tana lura da mu ta ƙasan ido, ta ce wa Inna zumuɗin aure ne, haka yake sa 'yan mata ciwon baki.

Ranar Alhamis bayan azahar Isaka ya zo cikin farar riga sabuwar guga, hularsa a karkace, fuskar nan fal farin ciki. Na saka shaddata ruwan ƙwai da na ajiye don Salla, na ce ko korata za a yi, a kore ni ina da kyau. Zeinabou ta sa wata shuɗiyar atamfa mara hayaniya, kuma abin haushi ta yi mata kyau. Bak ya riga ya tashi, sai Isaka ya ɗauki mana kwale-kwale. Goggo ta shiga tana salati, ta riƙe gefen jirgi da hannu biyu, ni ina kusa da ita, su biyun suna fuskantarmu.

Mun kai tsakiyar ruwa Goggo ta ɗan saki jiki, ta ce, "Kai Isaka, ɗazu na ji mai jirgin nan yana ta kiran Gurma, Gurma. Ina ya san Zeinabou?"

Su biyun suka fashe da dariya tare. Tare fa.

"Ba ita yake kira ba, Goggo," in ji Isaka. "Haka mutanen nan suke faɗi. Wannan gaɓar da muka baro, ta wajen gari, hausa suke ce mata. Wadda za mu kuwa gurma. Ko a cikin gida ne, abin da ke wajen kogi da gari sai su ce na hausa, na wajen duwatsu su ce na gurma. Ni ma da farko ruɗewa na yi. Ina ta fama da kudu maso yamma, Baba Sumana bai gane ba, sai da Zeinabou ta ce masa gurma kawai, shi ke nan magana ta ƙare."

"Ikon Allah," in ji Goggo. "To ita amaryar tamu ina aka ajiye ta?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya saci kallona. "Ɗakin gurma mana, Goggo. Tubali biyu-biyu na sa aka jera a bangon bayansa. In Madina ta shiga nan, ba inda za ta."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na dubi ruwa ta dama, na dubi ruwa ta hagu. Da na iya iyo, Allah ne shaidata, da na faɗa. Gumi ya jiƙa mini shadda. Zeinabou ta dube ni, ta sake dubana, dariyarta ta ɗauke a hankali.

Daga bakin ruwa zuwa gidan ban san yadda ƙafata ta kai ni ba. Isaka yana gaba yana yi wa Goggo bayani, nan za a dasa lemo, nan randa za ta zauna. Ya kai bakin ƙofa ya ce, "Bismillah, ku shi..." Maganar ta tsaya.

Ba sai an shiga ba. Daga inda muke tsaye kana gani ta ƙofar gida, ta ƙofar ɗaki, ta wata ƙatuwar ƙofa a bangon baya, har duwatsu. Baba Sumana ma'aikaci ne na gaske, har ya daidaita gefenta ya shafe. Wata akuya tana tsaye a tsakiyar ɗakin, ta gan mu, ta juya ta fice ta baya abinta.

Tunda na san Isaka ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai ranar. Ya ƙwala wa magini kira har tsuntsaye suka tashi daga katanga. Ya shiga ɗakin, ya shafa gefen ƙofar, ya fito idonsa jajur.

"Wa ya sa ka? Baba Sumana, wa ya sa ka? Ban ce maka ko ramin ɓera ba?" Ya juyo wajenmu. "Goggo, wannan ba kuskure ba ne. Dubi yadda aka saita ta. Wanda ya sa aka yi wannan ya san abin da take nufi, so yake kada a zauna a gidan nan. Na rantse da Allah, ko wane ne, ni da shi har abada."

Goggo tana cewa, "Haba ɗana, bango ne fa, ƙasa ce, a mayar," ko jin ta bai yi ba. Dattijon ya taho da sauri, tsoro ya kore masa 'yar Hausar tasa, sai Zabarmanci yake zubawa, hannu yana tashi yana sauka. Na ga idonsa ya same ni. Na ga ya ɗago hannu. Na buɗe baki in ce ni ce, wallahi na buɗe, amma harshena ya manne, ba abin da nake ji sai "har abada".

Zeinabou ta shiga tsakanina da dattijon. Ta faɗa masa wasu kalmomi da sauri, ƙasa-ƙasa, ya yi turus, hannunsa ya sauka. Sannan ta juya.

"Cewa yake ni na sa shi. Kuma gaskiya ne, ni ce. Na ga ɗakin zai yi zafi da bazara, na manta da maganar ƙofa. Ka yi haƙuri."

Na runtse ido ina jiran saukar aradu a kanta, har na fara jin tausayinta.

"Ke?" in ji Isaka.

"Ni."

Na buɗe ido. Ina kallo kafaɗunsa suka sauka. Jan idon nan ya washe kamar ba a taɓa yi ba. Ya cire hula ya shafa kai, ya yi wata 'yar dariya ta gajiya, sannan ya yi magana da wata murya mai taushi wadda ni, da ya shekara yana zama a zaurenmu, ban taɓa ji ba.

"Kai, Zeinabou. Ke da kika fi kowa sani. To ba komai, ai alheri kika nufa. Kada ki sa a ranki. Gobe da sassafe a toshe." Har ya ƙara da cewa, "Kin ga har kin tsorata. Yi haƙuri da ihun da na yi."

Shi yake ba ta haƙuri! Rantsuwar da aka yi yanzu-yanzu a gaban Goggo, ko tofa yawu ba a yi ba, ta bi iska. Goggo ta ce alhamdu lillahi, haka ake son namiji mai saurin hucewa, ta shiga yaba kaurin bango. Isaka ya zo kusa da ni ya ce, "Kin ga ɗakinki? Kada ki damu da wannan, kamar ba a yi ba." Na gyaɗa kai. Ya kamata in ji sanyi, na sani. Asirina ya rufu, ɗakin nawa ne, gobe Juma'a. Amma ni ba abin da ke yawo a kaina sai muryar nan da ya yi mata.

Shi ya tsaya a can don su auna tubalin da za a mayar, mu uku muka shiga jirgi. Rana ta yi sanyi, Goggo ta jingina da ƙunshin mayafinta, kafin mu bar gaɓa ta fara gyangyaɗi. Zeinabou tana zaune a gabana, ta sa yatsu a ruwa, ba ta kalle ni ba. Na so in ce na gode, kalmar ta ƙi fita. Abin da ya fito shi ne:

"Me ya sa kika ce ke ce?"

Ta ɗago hannunta daga ruwan, ta goge a zaninta, ta dube ni ido cikin ido. Babu dariya, babu wushirya.

"Da ke ce, da ya cika rantsuwarsa," ta ce. "Ni kuwa na san zai yafe mini."

"Ta yaya kika sani?"

Ta mayar da yatsunta cikin ruwa. Har jirgi ya daki gaɓar Yamai, Goggo ta farka tana tambayar ko mun iso, Zeinabou ba ta ba ni amsa ba.